Yadda ake tsara atisayen keke a watannin da babu gasa

Duk shekara abu ɗaya nake gani a wajen masu tseren keke na sha'awa. Da an gama gasar ƙarshe sai su kasu biyu. Wasu su jingine keke a soro har taya ta sace, wasu kuma su ci gaba da fafatawa da juna kowace Asabar kamar an ajiye musu kofi. Ranar da gasa ta dawo, dukansu a baya ake barinsu: na farko ba shi da numfashi, na biyu ƙafarsa ta riga ta mutu tun kafin a busa usur.

Abu na farko, ka huta. Mako biyu cur, kada ka hau sai dai zuwa kasuwa ko masallaci. Ko ƙwararrun da ke shiga Tour de France, babbar gasar keke ta Faransa, a watan Yuli, da kakarsu ta ƙare a Oktoba suna sauka daga keke na wasu makonni. A wannan hutun ka kai keken wurin mai gyara ya duba sarƙa, birki da wayar giya. Idan sarƙa ta saki a canja ta yanzu, domin tsohuwar sarƙa cinye haƙoran giya take yi, kuma kuɗin haƙoran ya ninka nata.

Na biyu, ka zaɓi gasa guda ɗaya, ka rubuta ranarta a takarda ka manna a bango. Guda ɗaya na ce. Sauran tsere da za ka shiga kafin ita, gwaji ne kawai. Kuma kada burinka ya zama "sai na wuce wane", don ba ka san abin da wane yake yi a garinsu ba. Ka nemi titi miƙaƙƙe da ka sani, ka ɗumama jiki, ka taka iya ƙarfinka na minti 20, ka rubuta nisan da ka ci. Idan kilomita 10 ne, burinka ya zama 11 nan da wata uku. Manhajar Strava a waya, mai auna nisa da gudu, ta wadatar, ba sai ka sayi na'urar auna ƙarfi mai tsada ba. A takardar nan ka haɗa da lissafin kuɗi: taya, kuɗin mota, masauki. Ko Ese Ukpeseraye da ta wakilci Najeriya a gasar Olamfik ta Paris a 2024, sai da tawagar Jamus ta ara mata keke kafin ta shiga tseren zagaye na cikin zauren wasa. Kayan aiki ba abin bari sai ranar tafiya ba ne.

Na uku shi ne inda kusan kowa ke faɗuwa, kuma nan ni ma na faɗi: gina tushe. Mako 8 zuwa 12 kana tafiya a hankali, mai tsawo. A hankalin da nake nufi shi ne ka iya yin hira da na kusa da kai, jimla cikakkiya, ba tare da haki ya katse ka ba. Idan kana da agogon bugun zuciya, cire shekarunka daga 220, ka zauna tsakanin kashi 65 zuwa 75 cikin ɗari na abin da ya rage. Ɗan shekara 30 ke nan ya tsaya wajen bugu 125 zuwa 140 a minti. Lissafin na kintace ne, hirar ta fi shi gaskiya. Ka sa giya mai sauƙi, ƙafa na juyawa kamar sau 85 zuwa 95 a minti.

Wahalar wannan mataki a zuciya take. Kana tafe a natse, sai wani saurayi a tsohon Raleigh, da galan biyu a baya, ya zo ya wuce ka yana waiwaye. Jininka zai tafasa. Ka bar shi ya tafi. Shekarar da na kasa haƙuri, duk fitar da na yi sai ta koma tsere, ni da abokan hawa muna bin juna har gida. Mako shida na ji kamar na fi kowa. A na bakwai gwiwata ta dama ta fara suka duk lokacin da na danna feda, barci ya ƙi, kuma gudun da nake yi cikin sauƙi ya gagare ni. Gasar da na yi wa tanadi, a bakin titi na kalle ta. Tun daga nan, in ƙungiya ba za ta yarda a tafi a hankali ba, ni kaɗai nake fita. Cikin fita biyar, huɗu su zama masu sauƙi. Ka riƙa ƙara lokaci da kamar kashi 10 cikin ɗari a mako, mako uku kana ƙarawa, na huɗu ka rage kusan rabi.

Hunturu ya fi daɗin wannan aiki a wurinmu, amma yana da sharaɗi. Ranar da hazo ya yi kauri direba ba ya hango ka, don haka fitila ja a baya da riga mai haske wajibi ne, hular kwano kuwa ba a ma maganarta. Ƙura na haɗuwa da mai ta zama kamar yashi a sarƙa, sai ka goge da tsumma duk dawowa kafin ka ɗiga sabon mai kaɗan. Sanyi yana ɓoye ƙishirwa: gora ɗaya duk awa, ko ba ka ji ba. Tafiyar da ta wuce awa ɗaya da rabi, ka zuba dabino a aljihu, uku ko huɗu duk awa. Ni ban ga abin da kayan zaƙin kanti masu tsada suka fi shi ba.

Ka duba inda azumi ya faɗo a tsarinka, tunda kowace shekara yana matsowa da kwana 10 ko 11. Watan riƙe abin da ka samu ne. Minti 45 a hankali dab da shan ruwa ya isa, kusa da gida.

Saura mako shida a yi gasa ka shigo da gudu. Sau biyu a mako, minti 5 da ƙarfi, minti 5 a sassauta, sau huɗu ko biyar. Ka haɗa da tsugunne da atisayen ciki a gida. Duk ƙarshen wata ka koma titin nan na minti 20, lokaci ɗaya na safiya, ka gwada. Makon ƙarshe ka rage atisaye rabi, ka yi barci sosai, kuma kada ka taɓa tsawon sirdi ko ka sa sabon takalmi.