Yadda mai ɗaukar hoto zai koyi ba da labari da kyamararsa

Akwai masu ɗaukar hoto a Kaduna da hannunsu ya faɗa wajen haske da launi, amma in ka ce su jera hotuna su zama labari sai su rasa ta inda za su fara. Wannan karatu ne daban, kuma ana iya yinsa ba tare da an rufe shago ba.

Da farko, zaɓi mutum ɗaya. Kasuwar Panteka gaba ɗayanta ta fi ƙarfin labari guda, amma mai narka ƙarfe yana zuba tukwane, shi da yaran da yake koya wa sana'a, za su ishe ka. Haka tela a Kasuwar Barci ana gobe Sallah, ko tsohon ma'aikacin masaƙa a Kakuri.

Na biyu, zuwan farko ka bar kyamara a jaka. Ka gaisa, ka zauna, ka saurara, ka faɗa masa inda hotunan za su je. In ya ce a'a, magana ta ƙare. Wajen mata da yara kuwa, ka ƙara kula.

Sannan ka yi ɗan bincike. Wanda ya san an buɗe masaƙar KTL (Kaduna Textiles Limited) da ke Kakuri a 1957, kuma ta ciyar da dubban gidaje kafin ta tsaya, ba zai ɗauki rufaffiyar ƙofarta kamar kowace ƙofa ba. Don irin wannan bincike, cibiyar tarihi ta Arewa House da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa duk suna cikin garin Kaduna.

Ranar ɗauka, ka samo hoton wurin daga nesa, da mutumin cikin aikinsa, da hannuwansa kurkusa. Sai ka jira lokacin da wani abu ya sauya: an biya kuɗi, an ɗauke wuta, yaro ya ɓata aiki.

Mataki mafi wuya shi ne tacewa, kuma a ganina nan ne ainihin makarantar. Ka wanke hotuna talatin ƙanana, ka baza su a tabarma, ka rage su zuwa goma. Wanda ka fi so, in bai ƙara wa labarin komai ba, cire shi ko da ranka bai so ba. Ka jera sauran, ka kira wanda bai je wurin ba, ka yi shiru ya faɗa maka abin da ya gani. Inda ya rikice, akwai hoton da ba ka ɗauka ba. Sai ka koma.

Ƙarƙashin kowane hoto ka rubuta suna, wuri da rana, da jimla ɗaya daga bakin mutumin.

Don karatun ya ɗore, ka riƙa duba ayyukan da suka ci gasar World Press Photo, wadda aka fara a 1955, kyauta suke a intanet. Ka lura da hoton da aka buɗe da shi da wanda aka rufe. Ku haɗu ku huɗu ko biyar duk wata, kowa ya kawo aikinsa a duba. Bikin da za ka ɗauka na gaba, ka gwada jera albam ɗin daga kamu zuwa buɗar kai ta wannan hanya.