Yadda Za Ka Yi Lissafi Kafin Ka Sauya Motar Fetur da Ta Lantarki a Katsina

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, shi ya sa zancen motar lantarki ya shiga majalisun hira a Katsina. Kafin mutum ya sayar da motarsa ya ƙara kuɗi, akwai lissafin da ya kamata ya yi da biro da takarda, kuma wannan lissafi ya dogara sosai ga mitar wutar gidansa.

Ka fara da sanin iya tafiyar da kake yi. Ka rubuta lambar da ke kan ma'aunin tafiyar motarka ranar ɗaya ga wata, ka sake dubawa a ƙarshensa, tare da ajiye rasitin duk man da ka sha, har da galan ɗin da ka saya a hannun 'yan bumburutu ranar da layi ya yi tsawo. Ƙaramar mota irin Corolla, idan injinta lafiya lau yake, tana shan kimanin lita 8 a kilomita 100 a cikin gari da na'urar sanyi a kunne. Don sauƙin lissafi mu ɗauki lita a naira 1,000, kai kuma ka sa farashin da ka tarar a gidan mai a ranar. Ke nan kilomita 100 na cin naira 8,000.

Motar lantarki mai irin wannan girma tana cin yunit 15 zuwa 18 na wuta, irin yunit ɗin da mitar gida ke ƙirgawa, a kilomita 100, kuma da yake wani kaso na wutar yana salwanta wajen caji, ya fi kyau ka lissafa yunit 20. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta kai kuɗin yunit ɗaya na rukunin A, wato layin da ya fi samun wuta, naira 225, kafin daga baya ta ɗan rage. Ko da wannan farashi mafi tsada aka yi aiki, kilomita 100 ba za ta wuce naira 4,500 ba, wato rarar naira 3,500 idan aka gwada da fetur.

A nan ne ya kamata ka dakata sosai, domin rarar ta dogara ne ga samun wutar. Katsina tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na KEDCO, tare da Kano da Jigawa, kuma rukunin A shi ne layin da aka yi wa alkawarin awa 20 ko fiye a rana. Sauran rukunan sun fi araha amma awanninsu sun fi kaɗan. Ka duba rukuninka a jikin takardar kuɗin wuta ko rasitin katin mita, sannan kada ka tsaya ga abin da aka rubuta, ka sa wani a gida ya riƙa rubuta lokacin da aka kawo wuta da lokacin da aka ɗauke har tsawon mako biyu. Soket ɗin bango na gida yana ba mota abin da bai wuce yunit 2 zuwa 3 a awa ba, don haka batir mai ɗaukar yunit 40 zai nemi kusan awa 17 kafin ya cika daga ƙasa. Cajar bango mai ƙarfin kilowat 7 tana gamawa cikin kimanin awa 6, amma sai ka kira mai gyaran wuta ya duba ko wayarin gidan da layin da ya shigo daga transfoma za su iya ɗauka, musamman a unguwannin da ƙwan fitila ke yin ja da daddare saboda raunin wuta.

Wanda ya ce zai cike giɓin da janareta ya rusa lissafin tun daga tushe. Ƙaramin janaretan fetur ba ya ba da fiye da yunit biyu a lita ɗaya, ke nan yunit 20 za su ci lita 10 ko fiye, alhali Corolla lita 8 ta nema a wannan tafiya. Sola ta fi ma'ana a garin da rana ba ta yi mana rowa. Mai tafiyar kilomita 40 a rana yana buƙatar yunit 8, abin da faifai huɗu zuwa biyar masu ƙarfin wat 550 za su iya samarwa, sai dai da rana suke aiki, lokacin da motar take ofis ko kasuwa. Idan sai da dare za ta sha caji, dole ka haɗa da kuɗin batiran ajiya da inbata, kuma ka riƙa goge faifan a lokacin hunturu saboda ƙura.

Daga nan sai ka raba bambancin farashin saye da rarar da kake samu. A ce, alal misali, motar lantarkin ta fi takwararta ta fetur tsada da naira miliyan 10. Ma'aikacin da ke fita daga Ƙofar Kaura zuwa ofis, ya kai yara makaranta, ya biya kasuwa, yana yin kimanin kilomita 1,200 a wata, rararsa naira 42,000 ce, wato kusan rabin miliyan a shekara, kuma sai ya shekara 20 kafin kuɗinsa ya dawo. Wanda yake zaune a Katsina yana aiki a Daura, mai yin kusan kilomita 160 zuwa da dawowa a kowace ranar aiki, zai tara kusan miliyan ɗaya da rabi a shekara, ya mayar da kuɗinsa kafin shekara bakwai. A ganina irin wannan mutum ne motar ta fi dacewa da shi, muddin yana da wutar da za ta mayar masa da yunit 32 kowane dare.

Ta fuskar gyara motar lantarki ta fi sauƙi, domin babu juyen baƙin mai, babu fulogi, babu salansa, kuma birkinta yana daɗewa tunda motar tana rage gudu da injinta na lantarki, ta mayar da wutar cikin batir. Taya ce take saurin cinyewa saboda nauyin batir. Abin damuwar shi ne ranar da wani abu ya lalace a ɓangaren wutar, domin kayan Corolla ana samunsu a gari, ko a aika Ƙofar Ruwa a Kano su iso washegari, kuma kowane bakanike ya san cikinta. Kafin ka biya kuɗi ka tambayi dillali wa zai gyara maka, a wane gari, kuma kwana nawa kayan gyara ke yi kafin su iso.

Batir kuwa shi ne babban kaso na darajar motar, kuma zafi maƙiyinsa ne. A garin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ka nemi motar da ake sanyaya batirinta da ruwa. Tsofaffin Nissan Leaf ba su da wannan tsari, kuma an san batirinsu da saurin rauni a ƙasashe masu zafi. Sababbin motoci galibi suna zuwa da garantin shekara 8 ko kilomita 160,000 a kan batir, amma 'yar Kwatano ko wadda aka shigo da ita ta hannun 'yan kasuwa, da wuya garantin ya biyo ta. Ka nemi a sa mata na'ura a nuna maka kason lafiyar batirin a gabanka, idan ya yi ƙasa da kashi 80 cikin ɗari ka rage kuɗin sosai ko ka haƙura.

Sai batun doguwar tafiya. Daga Katsina zuwa Kano kusan kilomita 170 ne, kuma gudun babban titi da na'urar sanyi suna rage nisan da kamfani ya rubuta, don haka mota mai batirin yunit 40 za ta kai ka da ɗan saura, amma ba za ta dawo da kai ba sai ta sha caji a can. Ka tabbatar da inda za ka yi cajin tun kafin ka bar gida, ka kuma duba ko bakin cajar wurin ya dace da na motarka, domin motocin Sin da na Turai da na Japan kowanne da irin nasa bakin.