Zaman ɗanɗanon shayi a Legas: inda ake yawan yin kuskure

Masu giyar inabi ne suka yi suna wajen jera kofuna a kwatanta ɗanɗano. Mu ba abin shanmu ba ne, amma dabarar ta zauna daram a kan shayi, kuma duk mai ɗaki a Agege ko Idi-Araba zai iya haɗa irin wannan zama da abokansa.

Babban kuskure shi ne a zauna ba jigo. Wannan ya kawo Lipton, wancan koren ganyen Sin, wani ya zo da mai citta da kanumfari, a sha a watse ba a san me aka gwada da me ba. Ku tsayar da abu ɗaya da zai bambanta, sauran su zama daidai. Baƙin shayi zalla, misali, amma daga wurare daban: na Mambila a Taraba, na Kenya, na Assam a Indiya, na Siri Lanka. Ko ganye ɗaya a ruwa uku, na burtsatse da na leda da na gora. A ganina wannan ya fi dacewa da Legas, inda ruwan wasu unguwannin bakin teku ke da ɗan gishiri. Ko kuma mai tsada da mai araha.

Sai dai gwajin tsada ba ya yiwuwa muddin kwali na kan tabarma, don ido zai riga harshe yanke hukunci. A 1976 a Paris, da aka ɓoye sunayen kwalabe, alƙalai Faransawa da kansu suka fifita giyar Kalifoniya ta Amurka a kan tasu. Don haka a zamanku, sai mutum ɗaya ya zuba a ɓoye, ya sa wa kofuna lamba.

Sukari da madara su jira. Haɗin maishayi yana da daɗi, amma yana mayar da kowane ganye ɗaya. Awo ma kada a yi shi da ka: ƙa'idar ƙwararrun masu ɗanɗano ita ce giram 2 na ganye a mililita 100 na tafasasshen ruwa, minti 6. In koren shayi za a sha don daɗi, a bar ruwan ya ɗan huce, in ba haka ba ɗaci zai fito.

A fara da mara ƙarfi, a ƙare da mai kauri, kuma kofi huɗu ko biyar sun isa. Tsiren Obalende kuwa sai an gama rubuta maki, domin harshen da yaji ya taɓa ba ya bambance Mambila da Assam.