Yadda na ceto renon kabeji daga ruɓewar gindi

Bana da sanyi ya shigo, wajen tsakiyar Nuwamba, na zuba irin kabeji a lambuna da ke gefen Kura. Ya fito tsaf, amma bayan kwana 10 sai tsiron ya riƙa kwantawa, gindin ya sirance ya yi baƙi kamar an matse shi da zare.

Na zargi irin, na sayo sabo. Na zargi gyare, na yi feshi. Kuɗi ne kawai suka tafi.

Wani dattijo maƙwabcin lambuna ya tona ƙasar da yatsa da sassafe, ya ce, "Ɗana, ruwa ne ke kwana a komin nan." Gaskiyarsa. Da yamma nake ban ruwa, ga sanyin hunturu, ga irin na watsa shi cunkus, ciyawar da na rufa ma ban yaye ba.

Sai na sake wuri. Na ɗaga komi kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, na tara tattakar shinkafa a kai na cinna wuta, na bari ya huce kwana 2. Na zuba ruɓaɓɓen takin gida, ba ɗanye ba. Na ja layuka, santimita 10 tsakaninsu, na yafa irin jefi-jefi, zurfin bai kai gaɓar yatsa ba. Ranar da tsiro ya leƙo na kwashe ciyawar. Ban ruwa kuwa sai hantsi, shi ma idan saman ƙasa ya sha iska.

Alhamdulillahi, Allah ya saka wa Baba da alheri. A mako na 4 na yi dashe.