Yadda za ka gane tsohuwar kwalbar tawada ta ainihi

In ka ci karo da 'yar kwalbar tawada irin ta Ingila ko Amurka ta shekarun 1800, kar ka yi saurin zaro kuɗi. Fara shafa gefenta da yatsa, za ka ji wani siririn layi, wurin da mazubi ya haɗe kenan lokacin da mai aikin ya hura narkakken gilashi a ciki. Bi layin nan zuwa sama. In ya ɓace kafin ya kai baki to da hannu aka gama bakin, in kuwa ya zarce har can saman baki galibi aikin inji ne, irin injin Owens da ya fito 1903, ba ta kai tsufan da mai kaya ke rantsuwa a kai ba.

Sai ka kifa ta. Gurbi mai kaushi a gindi shaidar sandar ƙarfen da aka riƙe ta da ita lokacin ƙera ta ce, mafi yawa kafin 1860 ake samun haka, kuma wallahi yana yanka yatsa. 'Yan kumfa a jikin gilashin ba aibi ba ne, ni su ma suka fi burge ni.

Wajen wanki ruwa mai ɗumi kawai da ɗan sabulu, tafasasshen ruwa fasa ta zai yi.