In suga ya faɗi: abin da za a sha nan take, da abin da zai hana ya sake faɗuwa

Yawancin masu ciwon suga a wajenmu abu ɗaya aka koya musu, tsoron zaƙi. Kar ka sa suga a shayi, kar ka taɓa lemon kwalba, alawa ma ko kallonta kar ka yi. To gaskiya ne, amma ba a cika gaya musu cewa sugan nan yana iya yin ƙasa fiye da kima ba, kuma shi wannan ba ya jira, hawan suga yakan ɗau lokaci yana ɓarnarsa a hankali, faɗuwarsa kuwa cikin ƴan mintuna sai ka ga mutum a ƙasa.

Alamunsa ba ɓoyayyu ba ne: karkarwar hannu, gumi mai sanyi ko da ba zafi ake ba, yunwa kamar an yashe ciki, zuciya na dukan uku-uku, jiri, gani dishi-dishi. Wani kuma sai ya hau faɗa ba gaira ba dalili ko ya riƙa maganar da ba kai, in dattijo ne sai a ce rikicin tsufa, wani gidan ma a ce iska ce a tafi neman mai ruƙiyya alhali cokalin suga yake buƙata. In akwai mitar gwaji a gwada. Ƙasa da 70 ya faɗi, in mitarka irin mai ƙananan lambobi ce to ƙasa da 3.9 kenan. Ƙasa da 54, wato 3.0, wannan babu wasa. In babu mita kuma alamun sun bayyana ga wanda ke shan magani, kar a tsaya neman tabbaci, a ba shi zaƙi kawai.

Abin da ake so a wannan lokacin shi ne suga mai saurin shiga jini, kimanin giram 15. A aikace, cokalin cin abinci ɗaya na suga a jiƙa da ɗan ruwa, ko ƙwayar suga mai iyali 3 zuwa 4, ko cokalin cin abinci ɗaya na zuma, ko rabin kofi na lemon kwalba irin su Coke ko Fanta, ko ƙwayar gulukos 3 zuwa 4 da ake samu a kemis. Dabino ƙanana guda 3 ma za su yi in su ne a kusa, sai dai na jiƙawa ya fi sauri. Sai a zauna a jira minti 15 a sake gwadawa, in har yanzu bai kai 70 ba a ƙara wani 15 ɗin. In an yi haka sau uku bai tashi ba, asibiti.

Nan ne mutane ke kuskure, kuma kuskuren iri biyu ne. Na farko a ba mutum abu mai maiƙo, cakulan, madara mai kauri, ƙosai, cincin, fura da nono, duk waɗannan abinci ne masu kyau a muhallinsu amma mai yana rage saurin shigar suga cikin jini, kai kuma sauri kake nema. Lemon da aka rubuta Zero ko Diet a jikinsa kuwa babu abin da zai yi, ruwa ne mai launi a wannan halin. Na biyu shi ne wuce gona da iri, tsoro ya kama kowa, a ɗura masa kwalba guda a ƙara da maltina a kawo burodi, anjima a gwada a ga 300. Kwalbar Coke ƙarama mai 35cl tana da suga sama da giram 35, ka ga ko rabinta ya isa.

Bayan ya dawo daidai, in lokacin cin abinci da saura fiye da awa ɗaya, yanzu ne za a kawo abu mai riƙe ciki, burodi da ƙwai, alale, ƴar gyaɗa da ayaba, ko furar nan da aka hana ɗazu. Don sugan da aka sha kamar wutar kara yake, ya ci bal-bal ya mutu. Musamman mai shan glibenclamide, wanda aka fi sani da Daonil, maganin yana daɗewa a jiki, suga kan sake faɗuwa bayan awanni, kuma ya fi yi wa tsofaffi da masu matsalar ƙoda haka, don haka a sa ido a kansu har washegari.

Wanda ya suma ko ba ya iya haɗiya, dan Allah kar a ɗura masa komai a baki, zai iya shaƙewa ya wuce huhu. A kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti, can za su sa masa gulukos ta jijiya.

To sai maganar hana faruwarsa, wadda ita ce aikin kullum. Mafi yawan faɗuwar suga daga abu uku take: an sha magani ko an yi allurar insulin ba a ci abinci ba, an ci kaɗan, ko an yi aikin ƙarfi fiye da yadda aka saba. Maganin suga na metformin shi kaɗai ba kasafai yake jawo haka ba, insulin da su Daonil da glimepiride su ne a gaba. Saboda haka kar ka haɗiyi ƙwaya da safe ka ce sai ka je kasuwa za ka karya, hanya ba ta da tabbas. Kar ka bar tsakanin cin abinci ya wuce awa 4 zuwa 5 ba ka sa komai a ciki ba. Kuma kar tsaba ta tafi ita kaɗai, koko ya samu ƙosai, shinkafa ta samu wake da ganye, tuwon dawa ko na gero da miyar kuka ko kuɓewa da ɗan nama ko kifi, ɗanwake da ƙwai, acha, awara, kwaɗon zogale da ƙuli. Ni a ganina wake ya fi komai a wannan fannin, ga araha ga riƙe ciki. Ranar da za ka gona ko doguwar tafiya a ƙafa ka ƙara ɗan abin taɓawa, kuma aljihu kar ya rabu da ƙwayar suga ko alawa, a mota ma a ajiye. Direba in ya ji alama ya faka tukuna.

Mai tashi da asuba jiƙe da gumi, da ciwon kai ko mugun mafarki, ya gwada sugansa kafin kwanciya, mai yiwuwa cikin dare yake faɗuwa, ɗan abu kamar gyaɗa da yankan burodi kafin barci yana taimakawa. Sannan masu haɗa maganin asibiti da jiƙon shuwaka ko wani sassaƙe su gaya wa likitansu, ba abin ɓoyo ba ne. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da maganin kwinin su ma suna kayar da suga, balle ga mara lafiyar da ba ya iya cin abinci.

Azumi kuma, a ga likita tun kafin watan ya kama don a gyara lokacin magani da yawansa, a jinkirta sahur, a ci wake ko gero maimakon shayi da farin burodi. In aka gwada da rana aka ga ƙasa da 70 a karya, ko saura minti goma a sha ruwa, addini ya yi wa mara lafiya rangwame.

Akwai kuma waɗanda ba su da ciwon suga amma awa 2 zuwa 4 bayan sun ci abu mai zaƙi sosai sai jiki ya hau rawa. Su nasu shi ne rage lemo da kayan fulawa, su riƙa ci kaɗan-kaɗan a kai a kai, su je a duba su. Mai shan magani kuwa in abin ya faru sau biyu a sati ɗaya, ba ƙarin abinci ne gyaran ba, ya rubuta ranar da lokacin da abin da ya ci, ya kai wa likita a rage masa maganin.