Yadda Ake Zama da Koyarwa a Ƙaramin Birni a Ƙasar Sin

A shekarun da na yi ina koyar da lissafi a Shaoyang da ke lardin Hunan, na ga samari sun zo da ɗoki sun koma gida da takaici, kuma kusan dukansu a kan takardu suka yi tuntuɓe. A Beijing ko Guangzhou makarantu suna da ma'aikatan da suka goge da hidimar baƙi. A ƙaramin birni kuwa, wataƙila kai ne baƙo na farko da ya taɓa zama gaban teburin ma'aikacin, saboda haka dole ka fi shi sanin ƙa'ida.

Mataki na farko: gama da takardu tun kana gida

Kada ka sa ranka a kan koyar da Turanci. A yawancin larduna ana ba da wannan izini ne ga masu fasfo na ƙasashe irin su Amurka, Ingila, Kanada, Ostireliya da Afirka ta Kudu, kuma Najeriya ba ta cikin jerin. Ka nemi aiki a fannin da ka karanta: lissafi, kimiyya, kwamfuta. Ana buƙatar digiri, shaidar aiki ta shekara biyu, da takardar 'yan sanda mai nuna ba ka da laifi. Ɗan Najeriya sai an tantance masa su a Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, sannan ofishin jakadancin Sin ya buga nasa hatimin. Da su makaranta za ta samo maka takardar sanarwar izinin aiki, kai kuma ka nemi biza mai harafin Z.

Duk dillalin da ya ce ka shigo da bizar yawon buɗe ido ko ta karatu, wai a gyara daga baya, ka rabu da shi. Hukuncin aiki ba izini tara ce daga yuan (kuɗin Sin) 5,000 zuwa 20,000, ana iya tsare mutum har kwana 15, a kuma kore shi. Tun da gwamnati ta taka wa cibiyoyin darasin bayan makaranta birki a watan Yulin 2021, guraben da dillalai ke tallatawa sun ƙara zama tarko. Jami'a ko kwalejin gwamnati ita ce zaɓi. Albashin bai kai na masu zaman kansu ba, amma da gida kyauta da kwanciyar hankali.

Mataki na biyu: awa 24 da kwana 30

A nan ni ma na sha wuya, shi ya sa zan tsaya a kai. Dokar shige da fice da ta fara aiki a 2013 ta wajabta wa baƙo ya yi rajistar inda ya sauka cikin awa 24. Idan a otal ne, su za su yi maka. Da zarar ka koma gidan makaranta ko na haya, nauyin ya dawo kanka: ka je ofishin 'yan sandan unguwa, wanda suke kira paichusuo, da fasfo da takardar gidan.

Ni na kwana biyu a otal, aka mayar da ni gidan malamai, ma'aikaciyar da makaranta ta haɗa ni da ita ta ce an riga an yi komai. Ba ƙarya ta yi ba, ita ma haka ta ɗauka. Sai da muka je neman izinin zama aka tambayi farar takardar rajista, babu. Muka yini a benci a ofishin 'yan sanda, ita tana ta waya hannunta na rawa, ni ina kallon agogo. Na rubuta takardar ban haƙuri, na dangwala yatsa da jan tawada, aka yi mini gargaɗi. Da sun so, tarar tana iya kaiwa yuan 2,000, kuma abin ya zauna a tarihina. Don haka ka je da ƙafarka, ka karɓi takardar a hannunka, ka ɗauki hotonta. Ka sake yi idan ka sauya gida ko fasfo.

Bizar Z kuma kwana 30 kacal take ba ka bayan shigowa. Cikinsu za a yi gwajin lafiya, wanda sau da yawa sai an je babban birnin lardi (mu Changsha muka je), a fitar da izinin aiki, sannan a kai fasfo ofishin shige da fice. Ka rubuta ranar cikar kwanakin a bango, ka riƙa tuna wa makaranta kullum cikin ladabi. Wanda ya yi kawaici a nan shi zai kwana ciki.

Mataki na uku: sanyi, tuwo da waya

Gidajen da ke kudu da layin tsaunukan Qinling da kogin Huai ba su da ɗumamar gwamnati. Sanyin Hunan mai laima ne, yana shiga ƙashi, kuma cikin ɗaki ya fi waje. Ka sayi bargon lantarki tun watan Oktoba, na Taobao, shagon intanet, ya fi na kasuwa araha.

Abinci kuwa, ka haddace haruffa biyu: 清真, ana karanta su qingzhen, wato halal. Kusan kowane gari yana da shagon taliyar Lanzhou da wannan alama, Musulmi 'yan ƙabilar Hui ke riƙe da su. Ka yi musu sallama, su za su nuna maka mahauci da masallaci. A sauran wurare man alade yana shiga har cikin ganye, gara ka yi girkinka.

Ka buɗe manhajojin WeChat da Alipay a makon farko, don mai sayar da dankali ma da waya yake karɓar kuɗi. WhatsApp, Facebook da Google ba sa buɗewa, ka shirya yadda za ka riƙa jin muryar gida kafin ka taso.

Mataki na huɗu: aji da gari

Ɗalibai za su kira ka laoshi, wato malam, su yi tsit idan ka jefa tambaya ga aji duka. Kira suna ɗaya ɗaya, ko ka raba su huɗu huɗu. Kada ka kunyata kowa a gaban 'yan'uwansa. Siyasa da wa'azi ka bar su a waje da aji, doka ta hana baƙo yaɗa addini. A titi za a kalle ka, yara su nuna ka, wasu su ɗauki hoto. Gaisuwa da harshensu tana kashe rabin abin, ko da yake karin harshen garin ya sha bamban da wanda ka koya a littafi.

Ka adana takardun biyan haraji na kowane wata, banki zai nema kafin ya aika maka kuɗi gida. Ranar da za ka bar makarantar kuma, kada ka tafi sai da takardar sallama da kuma takardar soke izinin aikinka, don babu makarantar da za ta iya ɗaukarka ba tare da su ba.